Ƙaramin allon da ke gwada magani kafin ya shiga jikin ɗan Adam

Masana kimiyya a Amurka da Turai na ƙara mai da hankali ga wata fasaha ta raya ƙwayoyin halittar ɗan Adam a cikin wasu ƙananan magudanan ruwa, da nufin gano magunguna masu guba tun kafin a bai wa mutane su.

A shekarar 1993, likitoci a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasa na Amurka, NIH, sun bai wa mutane 15 masu fama da ciwon hanta nau'in B wani sabon magani mai suna fialuridine, a matsayin gwaji.

Kafin nan sai da aka gwada maganin a kan ɓeraye da karnuka da birai, kuma ba a ga wata alamar hatsari da za ta hana a ba mutane shi ba.

Bayan 'yan makonni sai hantar bakwai daga cikin majinyatan ta fara lalacewa. Biyar sun rasu, biyu kuma sun tsira ne bayan an yi masu dashen wata hantar.

Bincike na baya ya nuna cewa a jikin mutum akwai wata ƙofa da ke shigar da maganin cikin sashen da ƙwayar hanta ke samar da kuzari, ƙofar da babu ita a wannan wuri a jikin ɓera.

Irin haka ta sake faruwa a birnin Landan cikin watan Maris na shekarar 2006, lokacin da aka yi wa wasu matasa shida masu ƙoshin lafiya allurar wani magani mai suna TGN1412 a asibitin Northwick Park. Abin da aka ba su bai wuce kashi ɗaya cikin 500 na abin da birai suka jure lafiya lau ba, amma cikin 'yan sa'o'i dukkansu suka tsinci kansu a sashen kula da masu matsanancin rashin lafiya, sassan jikinsu na neman daina aiki.

Waɗannan al'amura biyu su ne masana suka fi kafa hujja da su idan suna bayanin dalilin da ya sa ake neman wata hanyar gwaji da ta fi kusa da jikin mutum.

Tara cikin goma na faɗuwa

Samar da sabon magani aiki ne mai cin lokaci da dukiya. Akan kwashe shekaru 10 zuwa 15 daga ranar da aka gano sinadarin zuwa ranar da zai shiga kantin magani.

Wani ƙiyasi da masana a Jami'ar Tufts ta Amurka suka fitar a shekarar 2014 ya ce kowane sabon magani kan lashe kimanin dala biliyan 2.6, idan aka haɗa da kuɗin da aka yi asara a kan waɗanda ba su yi nasara ba.

Asarar kuwa ba kaɗan ba ce. Kimanin tara daga cikin kowane magunguna goma da suka kai matakin gwaji a kan mutane ba sa samun amincewar hukuma, ko dai saboda ba sa warkar da cutar, ko kuma saboda illarsu ta fi amfaninsu.

Dukkan waɗannan magunguna sun tsallake matakai biyu kafin su iso ga mutane.

Mataki na farko shi ne gwaji a kan ƙwayoyin halitta, wato ƙananan tubalan da aka gina jiki da su. Akan zuba su a wani farantin roba mai gurabe kamar tandar waina, sai dai nasa guraben kan kai 96, ko 384, ko ma 1,536. A kowane gurbi sai a ɗiga sinadari daban, a jira a ga abin da zai faru.

Matsalar ita ce ƙwayar halitta da ke kwance a gindin faranti, cikin ruwan da ba ya motsi, ba ta cikin yanayin da ta saba. A cikin jiki jini na wucewa ta gefenta dare da rana, yana kawo mata abinci yana kwashe datti, kuma tana maƙwabtaka da wasu nau'o'in ƙwayoyin. Ƙwayoyin hanta, alal misali, kan fara rasa ƙarfinsu na sarrafa magani cikin 'yan kwanaki idan aka shimfiɗa su a faranti.

Mataki na biyu shi ne gwaji a kan dabbobi. Dabba na da cikakken jiki, amma jikin ba na mutum ba ne.

Giɓin da ke tsakanin faranti da dabba shi ne fasahar ƙananan magudanan ruwa ke ƙoƙarin cikewa.

Yadda allon yake

Allon gwajin bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, kuma galibi da wata roba mai laushi ake yin sa, wadda ake ganin cikinta garau kamar gilashi.

A cikinsa an sassaƙa hanyoyin ruwa masu faɗin maikiromita goma zuwa 'yan ɗaruruwa. Maikiromita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma kaurin silin gashin mutum kan kai maikiromita 50 zuwa 100.

Wasu ƙananan famfuna ne ke tura ruwan abinci da na magani ta cikin hanyoyin, kamar yadda mai noman rani ke jan ruwa zuwa kowane fangali. Ƙwayoyin halittar na manne a jikin bangon hanyoyin, mai bincike kuma na kallon su kai-tsaye ta madubin likita.

A irin wannan ƙanƙantar wuri ruwa na da wata ɗabi'a ta daban. Ba ya tumbatsa, ba ya juyawa. Idan aka turo ruwa iri biyu cikin hanya guda, sai su tafi kafaɗa da kafaɗa, ba sa gauraya sai a hankali ta inda suka haɗu.

Wannan ɗabi'a ce ta ba masana damar sarrafa ƙarfin magani daidai yadda suke so. A kan allo guda za a iya shirya magani daga mafi tsarwa a gefe ɗaya zuwa mafi kauri a ɗaya gefen, a ga daidai inda ya fara kashe ƙwayoyin.

Haka zalika abin da ake buƙata kaɗan ne. Wannan na da muhimmanci domin sabon sinadari kan yi tsada, ƙwayoyin da aka ciro daga jikin majinyaci kuma ba su da yawa.

Asalin fasahar

Daga masana'antar kwamfuta aka aro dabarar. A shekarar 1979 masu bincike a Jami'ar Stanford suka sassaƙa wata na'urar tantance iskar gas a kan faifan silikon, irin wanda ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi.

A shekarar 1990 wani masani mai suna Andreas Manz, wanda ke aiki da kamfanin magunguna na Ciba-Geigy a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, ya gabatar da tunanin tattara dukkan ayyukan ɗakin gwaji a kan allo ɗaya.

Sai dai sassaƙa silikon ko gilashi na buƙatar ɗakuna na musamman masu tsadar gaske. Sauƙi ya zo ne a shekarar 1998, lokacin da ɗakin binciken Farfesa George Whitesides na Jami'ar Harvard ya nuna yadda za a zuba wata roba mai suna PDMS a kan ma'auni, a bar ta ta daskare, a ɓare ta kamar yadda ake ɓare bulo daga akwatinsa. Da wannan dabara ɗalibi kan iya ƙera sabon allo cikin kwana guda.

Robar na barin iska ta ratsa ta, abin da ya sa ƙwayoyin halitta ke iya numfashi a cikinta. Daga nan ne masana ilimin halittu suka shigo fagen.

A shekarar 2004 ayarin Farfesa Michael Shuler na Jami'ar Cornell ya haɗa ɗakuna na ƙwayoyin huhu da na hanta da na kitse a kan allo guda. Da suka zuba sinadarin naftalin, wanda ake yin kafur ɗin tufafi da shi, sai suka ga hanta ta sarrafa shi zuwa wata guba, ruwa ya ɗauke ta, ta je ta lalata ƙwayoyin huhu. Faranti mai gurabe ba zai nuna haka ba, domin babu hanya tsakanin wannan gurbi da wancan.

Miliyoyin gwaji a cikin ɗigo

A yau ana amfani da fasahar ta fuskoki biyu. Ta farko ita ce neman allura cikin ruwa, wato tace miliyoyin ƙwayoyi ko sinadarai domin a gano ƙalilan masu amfani.

Akan tura ruwa cikin mai ta wata ƙaramar mahaɗa, sai ruwan ya tsinke zuwa ƙananan ɗigo, dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Kowane ɗigo na ɗauke da ƙwayar halitta guda, ya zama tamkar kwalbar gwaji mai zaman kanta.

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2010, masana daga Harvard da birnin Strasbourg na Faransa sun gudanar da gwaji kimanin miliyan 100 cikin sa'o'i goma, da sinadaran da ba su wuce ɗigo uku na ruwa ba.

An ga amfanin keɓe ƙwayoyi ɗai-ɗai a lokacin annobar korona. A farkon shekarar 2020 kamfanin AbCellera da ke birnin Vancouver na Kanada ya karɓi jinin ɗaya daga cikin mutanen farko da suka warke daga cutar a Amurka. Ya tace ƙwayoyin garkuwar jiki sama da miliyan biyar a cikin ƙananan ɗakunan allo, ya gano sinadaran kariya kimanin 500 da ke kama ƙwayar cutar.

Ɗaya daga cikinsu ne ya zama maganin bamlanivimab na kamfanin Eli Lilly, wanda aka fara gwadawa a kan mutane cikin watan Yuni, kuma ya samu izinin gaggawa a Amurka cikin watan Nuwamba na wannan shekara.

A watan Afrilun 2021 aka janye izinin amfani da shi shi kaɗai, saboda ƙwayar cutar ta sauya kama. Duk da haka aikin da a da kan ci shekaru an kammala shi cikin watanni.

Huhu da hanta a kan allo

Fuska ta biyu ita ce kwaikwayon wani sashe na jiki. Wanda ya fi shahara shi ne huhu a kan allo, wanda Dan Huh da Donald Ingber na Cibiyar Wyss da ke Harvard suka bayyana a mujallar Science a shekarar 2010.

Allon na da hanyoyi biyu, ɗaya a kan ɗaya, da wani siririn tantani mai ƙananan huduji a tsakaninsu. A saman tantanin akwai ƙwayoyin huhun mutum, iska na wucewa a kansu. A ƙasansa akwai ƙwayoyin jijiyar jini, ruwa na gudana a madadin jini. A gefe da gefe kuma akwai wasu ɗakuna da ake zuƙe iskarsu a sake ta, abin da ke sa tantanin miƙewa da komawa kamar mai numfashi.

Da aka sanya ƙwayoyin cuta a hanyar iska, sai aka ga fararen ƙwayoyin jini sun manne a bango, sun ratsa tantanin, sun haɗiye su, kamar yadda suke yi a jikin mai ciwon huhu.

A shekarar 2012 masanan suka zuba wani maganin ciwon daji mai suna interleukin-2, wanda aka san yana tara wa wasu majinyata ruwa a huhu. Ruwa ya cika hanyar iska a kan allon, kuma aka gano cewa motsin numfashi na ƙara tsananta yoyon.

Bayan huhu an ƙera na hanji da ƙoda da zuciya da fata. Amma kamfanonin magunguna sun fi damuwa da hanta, domin ita ce ke sarrafa akasarin abin da mutum ya sha, kuma lalacewarta na cikin manyan dalilan janye magani daga kasuwa. Maganin ciwon sukari na troglitazone, wanda aka amince da shi a Amurka a 1997, an janye shi a shekarar 2000 saboda wannan dalili.

A shekarar 2019 masu bincike suka ƙera allunan hanta na mutum da na ɓera da na kare, suka sake gwada fialuridine. Allon mutum ya nuna alamun lalacewa, na ɓera bai nuna ba.

A shekarar 2022 kuma kamfanin Emulate, wanda ya samo asali daga Cibiyar Wyss, ya wallafa sakamakon gwajin magunguna 27 a kan allunan hanta 870, ba tare da masu gwajin sun san wane magani ke hannunsu ba. Allunan sun gano kashi 87 cikin 100 na magungunan da ke lalata hanta, kuma ba su ɗora wa ko ɗaya daga cikin marasa illa laifi ba.

Masu sharhi dai na tunatar da cewa kamfanin da ke sayar da allon ne ya jagoranci binciken, kuma magungunan da aka zaɓa an riga an san halinsu.

Cututtukan jini

Akwai cututtuka biyu da suka addabi Afirka ta Yamma waɗanda fasahar ta dace da su ƙwarai, domin dukkansu na da nasaba da toshewar ƙananan jijiyoyin jini.

Ta farko ita ce zazzaɓin cizon sauro, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ita kaɗai ke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya.

A shekarar 2003 masana a Jami'ar Washington da ke Seattle suka ƙera hanyoyi masu faɗin maikiromita 8 da 6 da 4 da 2. Jajayen ƙwayoyin jini masu lafiya sun lanƙwashe sun wuce har ta mafi ƙanƙantar hanyar. Waɗanda ƙwayar cutar ta girma a cikinsu kuwa sun sandare, suka toshe hanya mai maikiromita 6. Toshewar ƙananan jijiyoyi na daga cikin abubuwan da ke sa zazzaɓin ya taɓa ƙwaƙwalwar yara.

Ta biyu ita ce amosanin jini, wato sikila. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara a Najeriya.

A shekarar 2007 masu bincike daga Harvard da MIT suka tura jinin masu sikila ta cikin allo, suna rage masa iskar oksijin sannu a hankali. Da iskar ta yi ƙasa sai jinin ya tsaya cik, da aka mayar da ita sai ya ci gaba da gudana.

Ma'anar wannan ita ce ana iya haddasa abin da ke jawo wa mai sikila azabar ciwo a kan tebur, a gwada magani a kansa, ba tare da an taɓa lafiyar kowa ba.

Abin da allon bai iya ba

Sai dai kuma fasahar na da nata naƙasu.

Robar PDMS, wadda ta sauƙaƙa aikin, na tsotse wasu magunguna, musamman masu narkewa a mai. Idan haka ta faru abin da ya isa ga ƙwayoyin bai kai abin da aka zuba ba, sai magani mai guba ya yi kama da marar illa. Dalili ke nan da wasu kamfanoni suka koma ga robobi masu tauri.

Ƙwayar kumfa guda a cikin hanyar ruwa na iya ɓata aikin makonni. Bugu da ƙari, allon kwaikwayon jiki ya fi faranti tsada da wahalar sarrafawa, kuma kowane kamfani da irin nasa, abin da ke sa kwatanta sakamako ya yi wuya.

Akwai kuma tambayoyin da allo ba ya iya amsawa. Ba ya nuna abin da magani zai yi wa tunanin mutum, ko abin da zai haifar bayan shekaru goma ana shan sa, ko yadda dukkan sassan jiki za su amsa masa a lokaci guda.

Wani batun shi ne na ko ƙwayoyin wane ne ke kan allon. Mutane sun bambanta wajen yadda hantarsu ke sarrafa magani. Maganin efavirenz na cutar ƙanjamau, alal misali, kan daɗe a jinin 'yan Afirka da dama saboda wani bambanci a ƙwayoyin gadonsu, abin da ke ƙara masu jiri da munanan mafarkai.

Allon da aka gina da hantar mutum biyu ko uku zai ba da labarin waɗannan mutane ne. Idan babu ɗan Afirka a cikinsu, gwajin ba zai hango irin wannan matsala ba.

Wata dabara da masanin ƙasar Japan Shinya Yamanaka ya gano a shekarar 2006, wadda ta ba shi lambar yabo ta Nobel a 2012, na iya taimakawa. Da ita akan mayar da ƙwayar fata ko ta jini zuwa matsayinta na asali, sannan a sarrafa ta ta zama ta hanta ko ta zuciya. Ke nan ana iya gina allo daga jinin kowace al'umma, muddin an nemi samfurinta kuma ta amince ta bayar.

Doka ta fara sauyawa

Wajabcin gwaji a kan dabbobi shi kansa daga masifa ya samo asali. A shekarar 1937 wani maganin ruwa da ba a gwada ba ya hallaka mutane sama da 100 a Amurka, abin da ya sa aka kafa dokar tabbatar da ingancin magani a 1938. An ƙara tsaurara ta a 1962, bayan maganin thalidomide ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da naƙasa a ƙasashe da dama.

Saboda haka hukumomi ba sa gaggawar sakin hanyar da ta daɗe tana kare jama'a.

Amma a ranar 29 ga watan Disamba na shekarar 2022, shugaban Amurka na lokacin Joe Biden ya sanya hannu a kan wata doka da ta cire wajabcin gwada kowane sabon magani a kan dabbobi kafin a gwada shi a kan mutane. Dokar ba ta haramta gwajin dabbobi ba, ta dai buɗe ƙofa ga wasu hanyoyin, ciki har da allunan ƙwayoyin halitta.

A watan Afrilun 2025 Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da shirin rage dogaro da dabbobi sannu a hankali, inda za ta fara da magungunan da aka yi da sinadaran garkuwar jiki, dangin wanda ya kwantar da matasan nan shida a Landan.

Matakin na da tasiri har a wajen Amurka, domin hukumomin magunguna na ƙasashe masu tasowa kan yi la'akari da hukuncin FDA da na takwararta ta Turai kafin su ba da nasu izinin.

Ko da masu goyon bayan fasahar ba su ce za ta maye gurbin gwaji a kan mutane ba. Komai kyan sakamakon allo, dole wata rana a samu mutum na farko da zai sha maganin. Abin da suke fata shi ne magani irin fialuridine ya faɗi tun a kan allo, kafin ya kai ga wannan mutumin.